ZUNUBIN WUCEWA

Daga malaminku na Ilmin Addinin Kirista

Da farko ina miƙa godiya ga Allah wanda ya kawo mu ƙarshen wannan shekara ta karatu lafiya, sannan ga hukumar makaranta da kwamitin wannan mujalla da suka ba ni fili a shafin Hausa. An roƙe ni in rubuta wa 'yan aji shida nasihar ban kwana. Na yi kwana biyu ina juya alƙalami, sai na ga bai dace in yi wa kowa nasiha ba kafin in faɗi nawa laifin, tunda Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Wata ranar Lahadi da safe, cikin hunturun bara, na fito daga gidana a Hotoro a kan babur, na nufi coci. Ni aka ba karatu na farko a sujadar Mas ta ƙarfe takwas, saboda haka na sha farar shadda, na kafa hula, ga Littafi Mai Tsarki a jaka. Na hau titin Maiduguri, ina gab da Tarauni sai na hangi taro a gefen hanya. Da na matso sai na ga kurar ɗan garuwa a kife, jarkoki sun watse, ruwa yana malala a kan kwalta. Shi kuwa mai kurar, saurayi ne da bai wuce shekara ashirin ba, yana kwance jini na zuba daga ƙafarsa. Motar da ta buge shi ta tsere. Mutanen da ke tsaye sun fi ashirin, waɗansu suna salati, waɗansu kuma sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto.

Na rage gudu, har na sa ƙafa a ƙasa. Na dubi yaron, na dubi agogona, saura minti goma sha biyar. Na dubi farar rigata. Na tuna labaran da nake ji na wanda ya kai majinyaci asibiti aka ce shi ne ya buge shi. Sai zuciyata ta ce mini, ai ga jama'a nan da yawa, wani zai kai shi, kai kuma aikin Allah yana jiranka. Na ja babur ɗina na wuce, na isa coci a kan lokaci.

Ba zan ƙara wa labarin gishiri in ce misalin Basamariye aka karanta a Bishara ran nan ba. Wani wuri dabam aka karanta. Abin da ya soke ni ya zo tun a farkon Mas, a lokacin da muke sunkuyar da kai muna bugun ƙirji, muna furta zunubanmu a gaban Allah da 'yan'uwa. Kun san addu'ar, kun kuma san cewa bayan ta ambaci laifin tunani da na baki da na aiki, takan ƙara da na abin da ya kamata mutum ya yi bai yi ba. Na fi shekara talatin ina faɗin wannan addu'a da ka. Ran nan ne kawai na ji nauyinta. Na hau na yi karatuna, har wani dattijo ya yaba mini murya bayan an tashi, ni kuwa ban iya ɗaga ido na dube shi ba.

Bayan mako biyu na tsaya wurin mai shayin da ke kusa da inda abin ya faru, na tambaye shi labarin yaron. Ya ce wani direban a-daidaita-sahu ne ya sauke fasinjojinsa, ya mayar musu da kuɗinsu, wata tsohuwa mai ƙosai kuma ta yage mayafinta ta ɗaure ƙafar, aka ɗauke shi zuwa asibiti. Direban bai san yaron ba, ko sunansa bai sani ba, amma ya yini a can har 'yan'uwansa 'yan garuwa suka iso. Yaron ya rayu, an yi masa karo-karo an mayar da shi garinsu. Mai shayi ya ƙara da cewa ya san direban, tare suke sallar asuba a masallacin bakin titi.

Yanzu mu buɗe Bisharar Luka, sura ta 10, daga aya ta 25 zuwa ta 37, wurin da na yi shekara ashirin ina koyarwa, har ina rage wa ɗalibi maki idan ya manta da Balawi. Wani masanin Attaura ya zo ya gwada Yesu a kan hanyar samun rai madawwami. Shi da kansa ya kawo amsa daga Littafin Maimaitawar Shari'a da Littafin Firistoci, watau ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. Amma da yake yana so ya san iyakar inda nauyin ya tsaya, sai ya nemi a fayyace masa ko su wane ne za a sa cikin lissafin maƙwabta. Yesu ya amsa masa da labarin matafiyin da 'yan fashi suka tare, suka tuɓe shi, suka yi masa dūka, suka bar shi rai a hannun Allah.

Masu sauraron Yesu sun san hanyar nan sarai. Daga Urushalima zuwa Yariko wajen kilomita 27 ne, gangara ce tun daga kan tsauni har zuwa kwarin da ke ƙasa da bakin teku, mutum yakan sauko wajen mita dubu ɗaya ta cikin duwatsu da kwazazzabai inda ɓarayi ke fakewa. Firist ya biyo, ya gan shi, ya ratse ya wuce. Balawi, wanda shi ma ma'aikacin Haikali ne, ya yi haka nan. Sai na uku, Basamariye, ya ji tausayi, ya sauka, ya wanke raunukan da mai da ruwan inabi, ya ɗaure su, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Da gari ya waye ya ba mai masaukin dinari biyu, wanda a zamanin ya kai ladan leburanci na kwana biyu, ya kuma yi alkawarin biyan abin da ya ƙaru idan ya komo.

Abu na farko da nake so ku lura da shi shi ne, firist da Balawi ba su doki kowa ba, ba su kuma saci ko anini ba. Da za a kai su gaban alƙali da an sallame su. Suna ma da hujja, domin shari'ar Musa ta hana firist taɓa gawa sai ta dangi na kusa, kuma wanda ya taɓa gawa yakan ƙazantu har kwana bakwai. Wa ya sani ko mutumin ya riga ya cika? Wa ya sani ko 'yan fashin suna nan a bayan dutse? Duk da haka su ne Yesu ya sa a gabanmu a matsayin waɗanda suka fāɗi jarrabawa. Ni ma ran nan ina da hujja, kuma irin tasu ce: aikin ibada, tsabtar riga da tsoro. Wannan shi nake kira zunubin wucewa, kuma a ganina ya fi kama mu masu zuwa coci da masu kiyaye doka, domin ba ya barin tabo a riga. Ɓarawo ya san ya yi sata, ko ba daɗe ko ba jima lamirinsa zai dame shi. Mai wucewa kuwa yakan isa gida ya ci tuwonsa yana ganin kansa mutumin kirki. Ku duba Matiyu sura ta 25, inda ake ba da labarin shari'ar ƙarshe, za ku ga waɗanda aka kora hagu ba a tuhume su da kisa ko zina ba. An tuhume su da ganin mayunwaci da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku suka ƙyale.

Abu na biyu, ku lura da wanda Yesu ya zaɓa ya zama gwarzon labarin. Tsakanin Yahudawa da Samariyawa akwai gaba ta ɗaruruwan shekaru, kuma tushenta addini ne. Samariyawa a Dutsen Gerizim suke sujada, ba a Urushalima ba, kuma littattafan Musa guda biyar kaɗai suka yarda da su. A sura ta 9 ta wannan Bishara, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da Yesu, har Yakubu da Yohanna suka nemi izinin kiran wuta daga sama ta cinye su, Yesu ya tsawata musu. Sai ga shi a sura ta gaba ya ɗauko mutumin wannan kabila ya mai da shi malamin masanin Attaura. Da Yesu ya tambaye shi wane ne cikin ukun ya zama maƙwabci, ko sunan Basamariye bai iya furtawa ba, sai ya kewaya ya ce wanda ya nuna jinƙai. A nan ne aka juya masa tambayarsa. Ya zo neman sanin wanda ya cancanci taimakonsa, aka sallame shi da umarnin ya je ya kwaikwayi wanda ya tsaya.

Mu da muke zaune a Kano wannan ba baƙon karatu ba ne. A watan Oktoba na shekara ta 1991, lokacin rikicin da ya tashi saboda zuwan mai wa'azin nan ɗan Jamus, Reinhard Bonnke, ina ɗan firamare. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, shi ya shigar da mu cikin gidansa, ni da mahaifiyata da ƙannena, ya sa mu a ɗakin uwargidansa, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure ya zauna har ƙura ta lafa. A watan Yuni na shekara ta 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tsaya a gaban maharan. Haka kuma wannan gari ya ga jini a cocin St. Charles da ke Sabon Gari a watan Yuli na 2014, ya sake ganinsa a babban masallacin Juma'a a watan Nuwamba na wannan shekara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ba a banza ba ne marigayi Paparoma Francis, a wasiƙarsa mai suna Fratelli Tutti ta shekara ta 2020, ya keɓe babi guda sukutum ga wannan misali, ya kuma bayyana cewa ganawarsa da Babban Limamin Azhar, Shaihu Ahmad al-Tayyib, a Abu Dhabi a 2019 tana cikin abin da ya zuga shi rubuta ta. Saboda haka ɗalibin da ya fita daga makarantar nan yana tunanin cewa sai ya ji sunan mutum kafin ya san ko zai taimake shi, to mun yi asarar alli a kansa.

Na san abin da waɗansunku za su ce, domin na ji shi a aji. Za ku ce, Malam, zamanin nan ba na Yariko ba ne, wanda ya tsaya taimako shi ke kwana a ofishin 'yan sanda, asibiti kuma ba za a taɓa mutum ba sai an ajiye kuɗi. Ban ce wannan tsoro na banza ne ba, tunda ni ma shi ya kore ni. Amma ya kamata ku san dokar ƙasarku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekara ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wata doka ta shekara ta 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi. Gaskiya ne abin da ke a takarda ba kullum ake ganinsa a ƙasa ba, amma wanda ya san doka ya fi ƙarfin baki a kan wanda bai sani ba. Ban da haka, idan kuka tafi ku biyu ko uku, kun zama shaidun juna.

Waɗansu za su ce, idan tarko ne fa? Ana yin haka, musamman da dare a hanyar da babu mutane. Ban ce yarinya ita kaɗai ta sauka daga mota a kan titin Bypass da tsakar dare ba. Yesu da kansa ya ce mu haɗa wayo da sahihanci. Amma ko a nan akwai abin yi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekara ta 1988, tana da lambar kira ta kyauta, 122, akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Wayar da ke iya ɗaukar hoton mai rauni a watsa a Facebook, har mahaifiyarsa ta fara ganin ɗanta cikin jini a hannun maƙwabta, ita ce dai ke iya kiran agaji. Wani lokaci ma taimakon shi ne a kori jama'a daga wurin. Mu mutanen Hotoro da tankokin mai muke kwana muke tashi saboda defon NNPC. Ku tuna da garin Majiya na Jihar Jigawa, inda a watan Oktoba na 2024 tanka ta fāɗi, mutane suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150.

Waɗansu kuma za su ce, mu ɗalibai ne, ba mu da dinari biyu. Tsohuwar nan mai ƙosai ma ba ta da su, mayafi take da shi. Ku shiga ƙungiyar Red Cross ko wata ƙungiyar agaji ku koyi taimakon farko. Ku san cewa ana danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, ba a fizgar wanda ake zaton ya karye a wuya ko a baya, ba a kuma ɗura wa wanda ya suma ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, watau ku da ƙannenku. Daga Hotoro zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi ba wata tafiya ba ce, amma jini ba ya jiran 'yan kallo su gama shawara.

Kada kuma ku ɗauka sai a kan kwalta ake wucewa. Hanyar Yariko ta ratsa ta cikin makarantar nan. Akwai ɗan aji ɗaya da babban ɗalibi ke ƙwace wa abinci, kuna gani kuna kau da kai domin mai ƙwacen abokinku ne. Akwai wadda ke zama a aji lokacin tara tana cewa ba ta jin yunwa, alhali kowa ya san ba ta da ko sisi. Akwai wanda aka kora gida saboda kuɗin makaranta, ya yi mako uku babu wanda ya taka ya kai masa littafin da aka rubuta, ga shi kuwa an ce zumunta a ƙafa take. Mu malamai ma muna da namu: yaron da ke zaune a bayan aji shiru, makinsa na ta sauka, mu rubuta masa jan alƙalami mu wuce, ba mu taɓa kiransa gefe mu tambayi abin da ke faruwa a gida ba. Wanda ya saba wuce ƙananan nan, ranar babba ƙafarsa ba za ta tsaya ba. Ni shaida ne.

Na kai wannan laifi wurin Fada na furta. Abin da ya ce mini tsakanina da shi ne, amma na fito da tunanin wani fassarar da iyayen Ikilisiya suka bar mana. Waliyyi Agustin, Bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya koyar da cewa mutumin da ke kwance a hanya ɗan Adam ne, ni da ku, Basamariyen kuwa Almasihu ne da kansa, masaukin kuma Ikilisiya ce. Wannan waliyyi ba baƙo ba ne gare mu, domin Bishop Patrick Sheehan, wanda ya fara riƙe Kano sa'ad da ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, da Bishop John Namaza Niyiring da ya gaje shi a 2008, da Paparoma Leo na 14 da aka zaɓa a watan Mayu na 2025, duk 'yan ƙungiyar Agustin ne. Idan fassararsa ta zauna, to mu ne aka fara tsayawa dominmu, aka ɗauke mu, aka biya mana. Kuma idan Ikilisiya masauki ce, to mu ne ma'aikatan mai masaukin, an bar mana majinyata amana da alkawarin cewa mai kawo su zai komo ya yi lissafi.

'Ya'yana 'yan aji shida, nan da 'yan watanni za ku watsu. Waɗansu za su tafi Jami'ar Bayero, waɗansu Zariya ko Jos, waɗansu kasuwa ko wurin koyon sana'a. Cikinku akwai waɗanda za su zama nas da likita da ɗan sanda, watau waɗanda za a kawo wa mai rauni, kuma a lokacin ku ne za ku sa mai taimako ya yi murna ko ya yi da-na-sani. Ina kira gare ku, da iyaye da 'yan'uwana malamai, mu riƙa yi wa kanmu tambaya ɗaya kowane dare kafin addu'ar barci: yau wa na gani na wuce? Tun daga ran nan na sa bandeji da safar hannu a ƙarƙashin kujerar babur ɗina, na kuma gaya wa katikis ɗinmu cewa duk ranar da bai gan ni a kan lokaci ba, ya ba wani karatun.

Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya kiyaye hanyoyinku, ya ba mu zaman lafiya a Kano da Nijeriya baki ɗaya. Uwargida Maryamu, uwar jinƙai, ta yi addu'a dominmu. Amin.